Garin Sa'idu

Shekara goma sha biyu ke nan, a ƙarshen wannan damina, da rasuwar ƙanena Sa'idu. Ya rasu yana ɗalibi a wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin Faransa, can kuma aka binne shi. Har yau ban taɓa ganin kabarinsa da idona ba. Sunan garin yana da wuyar faɗa, Babanmu bai taɓa iya furta shi daidai ba, sai ya riƙa cewa garin Sa'idu, mu ma muka ɗauka. A gidanmu na unguwar New Bell a Douala, ko jikokin da ba su tarar da shi ba sun san inda ake nufi idan an ce haka.

Ni ce babba, shi ne auta, shi kaɗai ne namiji. Na goya shi, na yi masa wanka, na kuma sha mari a kansa, don duk ɓarnar da ya yi ni ake tambaya. Yaro ne mai yawan tambaya har ya gundure ka. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san yadda damina take mana: ruwa ya cika kwata, kwata ta amayo cikin zaure, mu ɗora katifu a kan tebur, mu kwashe takalma kafin su yi iyo zuwa gidan maƙwabta. Mu dai mun ɗauke shi abin da Allah ya kawo. Sa'idu kuwa sai ya tsaya tsakiyar ruwan da wandonsa a naɗe yana tambaya me ya sa Bonapriso, unguwar masu kuɗi, ba ta cika, alhali sama ɗaya ce take zubo mana. Da ya ci jarrabawar gama sakandare, ya yi shekarunsa na farko a jami'a nan Douala, sai ya ce zai fita waje ya karanci yadda ake fitar da ruwa daga gari. Na yi masa dariya, na ce duk karatun duniya ya rasa na zaɓa sai na kwata.

Ɗan mai sayar da goro ba ya kallon makarantar kuɗi, jami'ar gwamnati kaɗai ce a gabanmu. Wata da watanni Sa'idu yana zuwa shagon intanet na bakin kasuwa, yana dawowa da idanu jajaye, yana ba ni labarin garuruwan da bai taɓa takawa ba kamar can aka binne cibiyarsa. Wannan hayar ɗaki ta yi tsada, wancan ɗalibai sun yi yawa malami ba zai san sunanka ba, wancan kuma ba su da wurin gwaje-gwaje na kirki. A ƙarshe jami'o'i biyu suka karɓe shi. Ɗaya tana gefen Paris, inda 'ya'yan wani maƙwabcinmu suke zaune da iyalansu, sai dai karatun da suka ba shi ba shi ne ainihin abin da yake so ba. Ɗayar tana wannan ƙaramin gari, karatun ruwa ne tsantsa, amma ba mu san ko mutum ɗaya a can ba.

Ya kamata in gaya wa mai karatu ko wane ne Babanmu. Kakanninsa fatake ne, kuma bafatake ba ya shiga gari sai da sunan mutumin da zai sauka wurinsa. Baba da kansa mai masauki ne. Akwai jerin ɗakuna a bayan zaurenmu inda 'yan kasuwa daga arewacin Najeriya suke sauka, wani ya yi mako, wani ya yi shekara. Kullum bayan sallar asuba Baba yakan bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya yi gyaran murya, ya ce an tashi lafiya, kuma ba ya gusawa sai an amsa daga ciki. Ni da Sa'idu mukan yi masa tsiya a ɓoye, mu ce shugaban makaranta ya fito kiran suna.

Ranar da Sa'idu ya zauna gabansa ya jero masa dalilan zaɓinsa, Baba ya saurara har ƙarshe yana ɓare goro, bai katse shi ba. Bai tambayi darajar makaranta ba, bai tambayi sanyi ba.

"Wurin wa za ka sauka?"

"Baba, akwai gidan ɗalibai. Za su ba ni ɗakina da mabuɗina."

"Ban tambaye ka ɗaki ba. Mai masauki ba shi ne mai ba ka tuwo ba, Sa'idu. Shi ne wanda idan bai gan ka ba, zai san bai gan ka ba."

Na goyi bayan ƙanena a ranar, kuma har gobe ban ce ya yi kuskure ba. Yaro ya san abin da yake so ya karanta, ya samo inda ake koyar da shi, me kuma ake nema a wurinsa? Na ce wa Baba zamani ya wuce na ayari, yanzu kowa yana da waya a aljihu. Baba ba mutum ne mai tilastawa ba. Ya sa masa albarka, ya raka shi filin jirgi da babbar rigarsa ta Juma'a.

Shekarar farko ta tafi lafiya. Sa'idu yakan kira ni a ofis yana ba ni labarin garin da ake ruwa kusan kullum amma mutum ya taka titi da takalmin ƙyalle ya koma gida a bushe. Ya ce an kai su ƙarƙashin ƙasa sun ga magudanar da mota za ta iya wucewa ta ciki. Muryarsa har rawa take yi don daɗi, sai ka rantse aljanna ya leƙo, ba kwata ba. Ya kuma ce ya samu wani ɗan ɗaki da Musulmin garin suke sallar Juma'a, mai riƙe da mabuɗin wani tsoho ne ɗan Senegal, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, ana kiransa Samba. Sa'idu yakan riga kowa zuwa ya taya shi shimfiɗa darduma.

A farkon shekara ta biyu, sanyi na shigowa, zazzaɓi ya kama shi da ciwon kai. Ya kira ni ya ce, "Yaya, ƙaramin palu ne, na sha magani, zan kwanta." Palu shi ne zazzaɓin sauro a bakin mutanen Douala, kuma a wurinmu duk zazzaɓi palu ne har sai ya nuna ba shi ba ne. Akwatinsa cike yake da maganin da Inna ta cusa masa, kamar yadda kowace uwa a unguwarmu take yi wa ɗanta mai tafiya. Ya sha, ya ja bargo, ya jira ya yi gumi ya sauka, kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Sanƙarau ne. A New Bell mara lafiya ba ya wuni shi kaɗai. Ko ba a so shi ba, wani zai turo ƙofa neman ashana ya gan shi. A gidan ɗaliban can kuwa, mutanen kirki ne, amma tarbiyyarsu ita ce ba a buga ƙofar mutum sai ya gayyata. Wayarsa tana ringi muna cewa barci yake yi.

Tsoho Samba ne ya shimfiɗa darduma shi kaɗai ranar Juma'a, ya ga an idar da salla bai ga yaron ba. Bai san lambar ɗakinsa ba. Ya je gidan ɗaliban ya riƙa bin ƙofofi yana bugawa, ya matsa har aka zo da mabuɗi aka buɗe. Sun same shi da rai, aka kai shi asibiti, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Ciwon ya riga ya yi nisa.

Unguwa ta taru, kowa ya ce a kawo shi gida, Inna kuma ta ce ba za ta yarda ɗanta ya kwanta cikin baƙi ba. Ni nake fassara tsakanin Baba da Tsoho Samba a waya, don Baba ba ya jin Faransanci. Abu biyu kawai ya sa na tambaya: wa ya gano shi, kuma wa zai wanke shi. Tsohon ya amsa duka biyun da kalma ɗaya, ya ce shi ne. Sai Baba ya ce, "Ashe yana da mai masauki. Baƙo idan ya rasu, mai masaukinsa ne yake binne shi. Ku bar masa baƙonsa." Baba da kansa ya binne baƙi da yawa a Douala waɗanda iyayensu ba su ga kabarinsu ba, ya ce ba zai nemi abin da bai ba wasu ba. Inna ta daɗe ba ta yafe masa wannan hukunci ba. Baba ya ci gaba da bin ɗakunan baƙinsa da asuba har ƙarshen rayuwarsa, sai dai ya ƙara ƙofa ɗaya. Yakan tsaya bakin ɗakin Sa'idu ya yi gyaran murya, ya ɗan jira, sannan ya wuce. Ba mu sake yi masa tsiya ba.

Nakan tambayi kaina abin da Sa'idu zai ce da ya ga yau. Shagon intanet ɗin ya zama wurin gyaran babur. Yaran yanzu suna kwance kan gado suke zaɓar jami'a, sun ga ɗakin kwana da ɗakin karatu a bidiyo tun kafin su nemi fasfo. Ina jin zai yi musu murna, don shi ba mai baƙin ciki ba ne. Zai kuma tambaye su, kamar yadda ya saba takura wa mutane, ko sun san abin da za su karanta ko kuwa jirgi kawai suke so su hau. Idan ya shigo gida ya tarar har yanzu muna ɗora katifu a kan tebur, ban san ko dariya zai yi ba ko kuka.

Bara 'yata Dija ta zo zaɓar jami'a. Tana da shekara shida lokacin da ya tafi, abin da take tunawa da shi kawai shi ne yana ɗaukarta a wuya ya ratsa ruwa da ita zuwa makaranta. Karatun tafiyar da tashar jirgin ruwa take so, kuma da ta faɗa mini garin da ta sa a gaba, sai na ji ashe garin Sa'idu ne. Mahaifinta ya ce ya bar mini maganar, don ya san inda ciwona yake. Na ce ba ta isa ba. Na kawo mata Dakar, na kawo mata Rabat, na kawo mata Zariya inda muke da dangi gida guda. Na yi fushi, na yi lallashi, na daina cin abincin da ta dafa. Garin nan ya karɓi ɗaya daga hannuna, ban ga dalilin da zan miƙa masa ta biyu ba. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba, taurin kan kawunta ne da ita, mai zuwa da murmushi.

Wata rana muna tsince shinkafa sai na ji maganar Baba ta fito daga bakina, ni da na ce masa zamani ya wuce. Na ce da ita wurin wa za ta sauka.

"Wurin mai masaukin Kawu, Mama. Tsohon yana nan da ransa, sai dai ƙafa ta ƙi. Na yi magana da 'yarsa Awa. Ta ce idan ta kira ni sau ɗaya ban ɗauka ba, ba za ta sake kira ba, ƙofata za ta zo ta buga."

Na san da Baba yana zaune a wurin, da ya ce an amsa tambaya, kuma ba ni da wata da ta fi tasa. Watan jiya ni ma na raka ta filin jirgi.

Sa'idu bai bar digiri ba, bai bar ɗa ba, bai haƙa mana ko taku ɗaya na magudana ba. Abin da ya bari shi ne tsoho ɗaya a bakin teku wanda bai daina share kabarin baƙonsa ba sai da ƙafa ta hana shi, da yarinyar da ba ta ji tsoron bin sawunsa ba, da kuma ni, da na zama mai buga ƙofofi. Duk ɗalibin da zai fita daga layinmu, uwarsa takan turo shi ya yi mini sallama, ni kuma ba na tambayarsa sunan makaranta sai ya gaya mini wanda zai san bai gan shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Awa ta kai Dija makabarta. Dija ta kira ni daga can, ina jin ruwa yana sauka a kan lemarta. Mu ma a nan tun safe ake yi, ina tsaye a zaure da tsintsiya, ruwa har idon sawuna. Ta ce ta yi masa sallama, ta yi masa addu'a. Na tambaye ta yadda wurin yake.

"Mama, ana ta ruwa," in ji ta, "amma ko kaɗan bai kwanta a kansa ba."

Allah ya ji ƙanka, Sa'idu, ya haɗa ka da Baba inda za ka amsa masa idan ya yi gyaran murya.