Goran Baƙo na Haliru Maharbi

Haliru maharbin Nahuce ya fito da mutum goma sha ɗaya daga daji da ransu. Ba wanda ya aike shi.

Shekara arba'in, da ya idar da sallar asuba sai ya cika goruna biyu. Ɗaya nasa. Ɗayan kuwa, goran baƙo yake ce masa, ko ƙishi zai tsaga masa maƙogwaro ba ya kurɓa. A lokacin daji daji ne. Mutum ya shiga da gatarinsa, ba abin tsoro sai ƙishi da ɓatan hanya.

Lawwali direba shaida ne. Wata bazara motarsa ta mutu a hanyar Kekun Waje, ya ce bari ya yanke ta daji ya nemo makanike. Ɗan tasha, me ya sani? Ya yi ta tafiya da rana tsaka har ya tuɓe rigarsa ya yar. Rigar Haliru ya tsinta. Ya duba sawu, ya ga taku ya fara karkacewa, ya san mai shi ba zai ƙara yini ba. Ya same shi kwance a gindin tsamiya, harshe ya kumbura.

Lawwali ya kai wa goran cafka. Haliru ya buge hannun, don kwankwaɗar ruwa bayan irin wannan ƙishi illa ce. Ya jiƙa ƙyalle yana ɗiga masa a baki, Lawwali kuwa yana ce masa mugu. Da Lawwali ya dawo hayyacinsa, Haliru ya ce, "Wanda ya ɓace, inuwa yake nema ya zauna, direban banza." Da la'asar ya nuna masa inda kurciyoyi suka dosa, suka bi, suka tona rairayin rafi har ruwa ya tsattsafo.

Kai ne ka koya mana wannan, Haliru. Na dawa, mai gora biyu. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma matasa, ku je ku tambaye shi tun yana nan.

Yanzu gwiwa ta ƙi, dajin ma ba ya shiguwa kamar da. Duk da haka kullum sai ya cika goran baƙo ya rataye a bishiyar marke ta bakin gari. Makon jiya Lawwali ya kawo 'yar Haliru, Wasila, daga Gusau. Ta roƙi uban ya koma wurinta kusa da asibiti, ɗaki na jiransa. Lawwali har da tsokana, wai can ruwa a leda yake, ba ruwan kowa da gora.

Haliru ya toshe bakin goran da totuwa.

"Ban ga mai cika shi bayana ba," ya ce. "Ba ni zuwa."