Gwaggo Mai Makullin Banɗaki

Yayata ta tsufa a bakin ƙofar ɗakin hoton ciki na wani asibitin mata, kuma kowa Gwaggo yake kiranta, har likitoci. Ta fara da shara bayan rasuwar mijinta, daga baya aka ɗora ta kan layin masu jiran hoto. Kayan aikinta bokitin ruwa ne mai murfi, da kofunan roba, da makulli guda rataye a wuyanta.

Ga dalilin makullin. Ƙaramin ciki ba ya fitowa sosai a hoto sai mafitsara ta cika, don haka dole mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari har a kira ta. Da Gwaggo ta lura mata suna sulalewa banɗaki su dawo da fuskar salihai, sai ta sa wa ƙofar kwaɗo. Ba ta buɗewa sai ga wadda aka gama wa hoto.

Ni kafinta ne, kuma ina gyaran bencin wurin ranar da wani direban babbar mota ya kawo matarsa. Cikinta ƙarami ne, ta ga jini da asuba, ga shi ta taɓa yin ɓari. Tsoronta ɗaya: kada wannan ma ya tafi. Ta shanye ruwan, ta zauna tana murza ƙafa tana cije leɓe.

"Haba, ke kuwa," in ji direban, "riƙe fitsari har wani aiki ne? Ni da nake tuƙi tun safe har yamma ban tsaya ba!"

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, kana so ka shiga ka ga hoton?"

"Me ya kawo ni, Gwaggo?"

"To, a layina mijin da zai shiga sai ya sha abin da matarsa ta sha."

Babu wannan doka a ko'ina, nan take ta ƙirƙire ta. Direban ya karɓi kofi yana dariya, ya shanye, ya nemi ƙari don mata su gani. Gwaggo ba ta yi masa rowa ba.

Layi ya yi tsawo. Da farko surutunsa ya ragu. Can ya miƙe yana karanta takardun bango da himmar da ban taɓa gani ba. Daga nan ya matso kusa da Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, don girman Allah, ara mini makullin."

"Ga shi. Amma in ka shiga can, ba ka shiga nan. Ai kai ne ba ka tsayawa."

Mata suka tuntsure da dariya, har matarsa, wadda tun safe ba ta yi murmushi ba. A daidai lokacin aka kira ta. Direban ya dubi makullin, ya dubi matar, ya bi ta a karkace kamar mai ɗauke da tulu.

Ƙofar ɗakin hoton ba ta rufu sosai ba, gyaranta ma yana cikin aikina. Na ji likita ta ce a kwanta, na ji matar ta yi ƙorafin sanyin man da aka shafa mata. Gwaggo ta matso bakin ƙofar, ta kasa kunne. Sannan wani sauti ya cika ɗakin, mai sauri kamar gudun ɗan doki.

"Ga bugun zuciyar ɗanki nan," in ji likita. "Yana nan da ransa. Sai dai ki huta sosai."

Direban ya fito idonsa cike da hawaye, gwiwoyinsa haɗe, yana hamdala yana miƙa hannu. Gwaggo ta cire makullin daga wuya, ta zagaye hannun nasa, ta damƙa wa matar.

"Shiga, 'yata, kada ki yi sauri."