Kwalba a Ƙarƙashin Farin Fenti

Shekarar da aka fara shari'a a Zamfara na sayi motata ta farko, kuma a kanta na yi wa mahaifina ƙaryar da har yau take ci mini rai.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Sakajiki, ina kwana gidanmu a Kaura. Motar tsohuwar akori-kura ce fara, ta wani mutumin kudu mai sayar da giya a bayan tashar jirgi. Da aka hana sana'arsa ya haɗa kayansa zai koma garinsu, sai ya karyar da ita. Kafin ya nuna mini ya sa an fesa wa ƙofofin biyu farin fenti, domin a jikin kowacce akwai zanen ƙatuwar kwalba koriya, kumfa na zuba daga bakinta. Na san da zanen, na sha ganinsa yana wucewa a titi. Na ce a raina tunda fenti ya rufe, magana ta ƙare.

Mahaifina kuwa shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ban san kaina ba. Da ya tambaye ni wurin wa na saya, bakina ya riga tunanina, na ce wani falken hatsi ne a Shinkafi. Ya zagaya motar, ya dafa ta, ya sa mata albarka. Bai ƙara tambaya ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Bayan wata biyu aka gayyace shi walimar saukar Alƙur'ani a Zurmi, gidan wani amininsa, ranar wata Asabar. Ina ji da kunnena ya ce wa limaminmu kada ya wahalar da kansa zuwa tasha, ɗansa zai kai su. Yadda ya faɗi "ɗana" ɗin nan ne ya sa na ƙudurta sai motar ta yi ƙyalli. Fentinta ya riga ya mutu, ya yi fari fat kamar alli, in ka shafa sai ya biyo tafin hannunka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tafi shagon wani dattijo mai sayar da kayan mota, wanda ya yi aikin fenti da ƙuruciyarsa. Ya ɗauko gwangwani biyu na folish ya buɗe, ya ce in taɓa. Na farko in ka murza tsakanin yatsu sai ka ji kamar da ɗan yashi a ciki. Na biyu laushi gare shi kamar man shafawa.

"Malam, hentinta na asali na, ko an yi mata heshi?"

"Na asali na," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "In na asali na, mai kaushin ga shina cinye matattar hwata ya hiddo sabuwa. In ko heshi na, ɗauki mai laushi ka bi ta sannu. Kowane kaɗ ɗauka, hwara gwadawa inda ido bai kai, kuma kak ka yi cikin rana."

Ina da wani mugun hali, in aka ba ni shawara sai in ji kamar an raina ni. Ga shi kuma in na ce an yi feshi, tambaya ta gaba ita ce me aka rufe. Na ɗauki mai kaushin na fito.

A gindin dogonyaron ƙofar gidanmu na ajiye motar, gefen direba na jikin katanga. Wajen shiri kam ban yi ha'inci ba. Na wanke ta da sabulu daga sama zuwa ƙasa. Na bi ɗigon kwalta da ƙaron bishiya da kananzir har suka narke, na sake wankewa don kada maiƙo ya saura. Na tsane ta da tsohon zanen matata, sannan na bi jikinta da bayan hannu ina neman tsakuwar da ta maƙale, domin ƙwaya ɗaya ta shiga tsumma sai ta zana maka layi daga nan har can. Gwajin da dattijon ya ce ne kawai na tsallake.

Na fara da bonet, inda fentin na asali ne mai kauri. Tsumma ya yi ta ɗauko farin gari, ƙyalli na fitowa daga ƙasa. Da na goge, sai ga ganyen dogonyaro da hulata a ciki. Daɗi ya kama ni, na manta da komai. Na dangwalo folish da yawa, na koma ƙofar da mahaifina zai shiga, wadda ke kallon titi, na danna da ƙarfi ina murzawa.

Ban yi nisa ba na ga tsumman ya canja launi. Na ɗaga shi. A tsakiyar ƙofar wani wuri ya yi kore-kore, kamar ganye a cikin kunu. Maimakon in tsaya, sai wautata ta ce mini datti ne, na ƙara gogawa. Wuyan kwalbar ya fito sarai, da kumfar, da rabin harafin farko na sunan giyar.

Sai wanda ya zauna Kaura a watannin nan zai san abin da na ji. Ba a daɗe da farfasa kwalabe a bainar jama'a ba. Matasa masu sa ido suna zagaya unguwanni, kuma hirar kowace majalisa ita ce wa aka kama, wa aka yi wa bulala. Ni ban taɓa kai giya bakina ba. Amma ga hotonta a ƙofar gidan ladan, ranar Juma'a, titi cike da mutane. Na yi maza na rataya jiƙaƙƙen zanen matata a kan ƙofar. Wani maƙwabci ya tsaya yana yaba bonet, ina amsa masa na jingina da zanen. Ya kai hannu zai ɗaga ya ga sauran aikin, na ce bai bushe ba tukuna.

Yana wucewa na hau keken ƙanena na koma shagon. Wannan karon na faɗi gaskiya. Dattijon bai ce ai na gaya maka ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya ce mai injin feshi ya tafi Gusau sai Lahadi, fentin buroshi kuma ba zai kama a kan folish ba. Sannan ya jawo wata ƙatuwar sitika daga cikin waɗanda direbobi ke yayin mannawa a lokacin, mai ɗauke da sunan Allah da manyan haruffan Larabci.

"Wagga tana ruhe shi. Amma ni ban ce ka yi ba."

Na karɓa. Ina hanya na ji muryar mahaifina yana kiran la'asar. Ban je jam'i ba. Na tsuguna gaban ƙofar, na janye zanen, na ɓare rabin takardar bayan sitikar, na auna ta a kan kwalbar. Ta rufe ta daidai. Amma ban manna ba. Na daɗe a haka, ina cewa gobe kawai, in mun dawo sai in cire.

"Kak ka aza sunan Allah bisa abin ga."

Ban ji zuwan mahaifina ba. Yana tsaye bayana da buta a hannu. Ya karɓi sitikar, ya mayar mata da takardarta a hankali, ya naɗe ya sa a aljihu. Sannan ya sunkuya ya dubi kwalbar da kyau.

"Halan shi ma falken bai san da ita ba?"

Hanya ce ya ba ni. Da na ce e, da ya yarda. Amma na gaji.

"Baba, babu wani falke. Ga mai giya nis saye ta. Na san da zanen."

Ya miƙe. Na jira faɗa, ina ma roƙon ya yi.

"Ƙarhe bai shan giya," ya ce. "Da ka hwaɗa min, da na ce ka kankare ta, mu sa albarka. Ni ko na tsaya gaban liman na ce mishi ta ɗan Shinkahi ta."

Ya shiga gida. Da safe shi da liman suka tafi tasha suka hau motar haya zuwa Zurmi. Ban san me ya gaya wa liman ba, ba wanda ya taɓa tayar mini da zancen a unguwa. Ranar Lahadi aka kankare ƙofofin biyu har ƙarfe, aka sake musu fenti.

Bai yi fushi da ni ba, bai daina cin abinci tare da ni ba, daga baya ma ya riƙa shiga motar. Amma bayan kamar mako biyu na dawo daga Sakajiki na ce masa an yi ruwa sosai a can, gero ya yi kyau. Ya gyaɗa kai. Can da ƙanena ya shigo, wanda muka je tare, sai na ji mahaifina ya tambaye shi a hankali ko da gaske an yi ruwa a Sakajiki.