Daɓen Labbo Dogo

Labbo gajere ne, amma duk 'Yankuzo Dogo ake ce masa, don kawai ya yi lebura a layin dogo, shekarun da ake jawo hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau. Aikin ya riƙe shi har matarsa Saude ta rasu ba ya nan. Bai ga jana'iza ba, bai zauna zaman makoki ba, mutanen gari kuwa ba su manta masa ba. Da ya dawo, gaisuwa kawai ke haɗa su. Shi ma, in faɗi gaskiya, akwai taurin kai: ya gwammace ya kwana da yunwa da ya roƙi gishiri.

'Yarsa ɗaya, Shafa'atu, tana Bungudu hannun Kulu, yayar marigayiya. Labbo ya taka har can ya ce ya zo ɗaukar abarsa. Kulu ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba ni ba ka ɗiya ta kwana cikin turɓaya," in ji ta. "Tahi a yi ma ɗakin daɓe. In an yi, ni zo in gani."

Daɓe aikin mata ne. Sai a yi gayya, maƙwabta su taru, a baza marmara a yayyafa ruwa, su durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi sulɓi. Labbo ya tsaya ƙofar maƙwabcinsa zai yi sallama, sai ya fasa, ya juya. Ya tuna da rabin gangar siminti da shugaban leburori ya bar masa. Ya ce ai shi ya ga yadda ake zuba kankare a gada: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Me zai yi da gayya?

Sai dai can a layi tsakuwa tuli take, kai dai ɗebo ka zuba, wani ke lissafi. Nan kuwa shi zai fasa dutse da guduma, ya ɗauko a ka. Don haka ya zauna ya auna. Ya zuba kwanon tsakuwa a tsakar ɗaki, ya baje ta kaurin yatsu huɗu, ya ga inda ta kai, ya bi ɗakin da tafin ƙafa. Sannan ya yi lissafi irin na manomi: mudun gero da mudun dawa ai mudu biyu ne. To, huɗu da biyu da ɗaya, kowane kwaɓi kwano bakwai ke nan. A kan haka ya tara tsakuwarsa. Rani guda ana jin ƙarar gudumarsa daga gindin dutse, ba wanda ya leƙa ya ce sannu. Abin ya dame shi ƙwarai, amma bai nuna ba.

Ranar zubi ya fara daga ƙuryar ɗaki, yana kwaɓawa, yana zubawa, yana ja da baya. Can ya lura kwaɓin ba ya auki. Yashi ya shige tsakanin tsakuwa, siminti ya shige tsakanin yashi, bakwai ɗin nan da ƙyar ta haura huɗu. Tsakuwa ta ƙare, gangar ma ya kakkaɓe ta, ga wajen ƙofa fili guda na ƙasa tsirara, ya fi shimfiɗar tabarma biyu.

Kulu ta zo bayan sallar layya, ita kaɗai. Ta tsaya a wannan ƙasar, ta miƙa ƙafa ta taɓa simintin. Labbo ya shiga bayani, yashi kaza, tsakuwa kaza, baɗi zai cike.

"Wa ya kama maka?" ta tambaya.

"Ni ɗai na yi," ya ce, har da ɗan alfahari.

Ta gyara lulluɓi.

"Labbo, ba ƙasa nika son gani ba. Garin da babu macen da ta zo ta buga maka daɓe, wa za shi yi ma ɗiyar ga kitso? In ta kwanta ciwo kana gona, wa ka leƙa ta?"

Ko ruwan da ya kawo mata ba ta shanye ba. Shafa'atu ta girma a Bungudu, can aka yi mata aure.

Labbo bai taɓa cike gurbin ba. Har tsufansa nan bakin ƙofa yake shimfiɗa tabarma, a kan ƙasa, ya bar simintin fayau ba kowa. In an tambaye shi sai ya ce simintin sanyi gare shi.