Dalmar Ogan Ɗinmu

Ranar Asabar ce. Da sassafe ni da matata Saratu muka sha kunu, muka nufi coci. Ni ne shugaban mawaƙa a ƙauyenmu, can bayan Bwari, kuma ogan, wato babban abin kiɗa mai bututu da ke cocin, a hannuna yake. Tsoho ne, wata coci a kudu ta ba mu kyauta. Duk yankin babu irinsa.

Gyaran muryarsa aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya shiga cikin akwatin, tsakanin bututun dalma. Ɗaya ya danne maɓalli a waje, ba ya ɗaga yatsa sai na ciki ya ce "na gaba". Ni ne na ciki, Saratu ce ta waje.

Lokacin kuɗi sun cika Abuja, kowa fili yake nema. Wani oga ya ce ya sayi ƙauyenmu har da coci. Muka ce ba inda za mu.

Wajen ƙarfe tara, ƙarar bututu ta toshe mini kunne. Ban ji isowar motoci ba. Sai kawai muryar ogan ɗin ta yanke, alhali ban ce "na gaba" ba. Saratu ba ta taɓa yin haka ba.

"Ina malamin waƙa?"

Na leƙa ta tsagin katako. Maza ne da adduna, fuska a rufe. Saratu ta miƙe. Ko kallon akwatin ba ta yi ba, ta nuna musu hanyar rafi. Ɗayansu ya ɗaga adda.

"Ku zuba fetur!"

Wannan muryar na san ta. Danjuma ne, ɗan ƙauyenmu, dillalin fili. Shekara da shekaru yana waƙa a layin baya, ni na koya masa inda ake jan numfashi. Wai ya rufe fuska! Ni zai rufe wa fuska?

Hayaƙi ya cika akwatin. Na ɓalle katakon baya, na fice ta taga, na faɗa gonar doya. Da rarrafe na bi kunya-kunya. A bayana iska mai zafi tana shiga bututun, suna kuka su kaɗai, har suka yi shiru. Kafin rana ta yi tsaka na tarar da mutanenmu da suka tsere a kan dutse, mata na toshe bakin yara. Daga nan muka taka har titi, wata motar itace ta kwashe mu zuwa Uke.

Fasto ya ce in yafe wa Danjuma. Na ce masa ban ji ba. Har yau ban yafe ba, kuma ba na neman Allah ya sanyaya mini zuciya.

Da abin ya lafa na koma. Na binne abin da wuta ta bar mini na Saratu, bai cika zane ɗaya ba. Bututun sun narke, sun daskare a ƙasa kamar kitse. Na kankare dalmar da fartanya, na kai wa wani maƙeri da ke yi wa maharba harsashi.

Ya auna ta a hannu, ya tambaye ni guda nawa nake so.

Na ce ɗaya. Sauran ya riƙe.