Kwalbatin Inna

Yau na bi ta kan kwalbatin firamaren ƙauyenmu, sai mahaifiyata, Inna, ta faɗo mini a rai.

Zamfara na sabuwar jiha, wani mai taɓin hankali ya shigo mana makaranta da adda. Motar 'yan sanda ta taso daga Bungudu, amma kwarin gaban makarantar ya hana ta ƙarasowa. Da ƙyar malamai suka danne shi.

Da ciyaman ya zo jaje, sai ya yi alkawarin fenti. Inna ta miƙe cikin taron maza:

"Ranka shi daɗe, fentin ne zai ƙetaro da mota gobe?"

Kafin damina aka gina kwalbati.

Har yau bangon ba fenti, amma ni ɗiyar matar nan ce. Ku wa ya tsaya wa makarantarku?