Kamiyon da na hana a yanka

Tun gemuna yana baƙi nake tuƙa kamiyon nan tsakanin Cadawa da Agiye da Maradi, ina dakon aya da gero da wake. A hannuna ya tsufa, ni kuma a cikinsa na yi furfura. Shekarar da ƙafata ta fara kumburi sai na bar wa babban ɗana tuƙi. Bai cika wata biyu ba injin ya ɗauki zafi a hanyar Gazawa, shi kuwa da gaggawa irin ta masu jini a jika ya jawo ruwan rijiya mai sanyi ya kwarara masa. Da igiya aka jawo mini kamiyon har ƙofar gida.

Wani makanisiye, mai gyaran mota, ya zo daga Maradi, ya leƙa, ya kaɗa kai. Ya ce kulas, wato murfin da ke rufe kan injin, ya lanƙwashe, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa. Ƴaƴana suka yi shawara ba da ni ba, suka yanke a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda ke yanka mota da wuta su ɗora a sikeli. Har rana sun sa, bayan kasuwa biyu. Babban ne ya zo ya durƙusa ya faɗa mini.

"Baba, ka huta haka nan. Injin nan ya mutu, kowa ya gani."

Na ce, "Wa ya yi masa salla? Kai ka kwantar da shi, kai kuma za ka kira mahauta? Tashi ka ba ni wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Washegari na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiya, na fito da akwatin kayan aikina. Injin kulas uku gare shi, na tsakiya ne ya ci wuta. Na kwance kusoshinsa, ina jera su bisa tabarma yadda suke a jikinsa, maƙwabta biyu suka taya ni sauke shi. Ba ni da na'urar da ake fere ƙarfe da ita a birni, amma na ga yadda magabatanmu a sana'a suke yi. Na samo gilashi mai kauri na wani tsohon teburin buro, wato ofis, na daka dutsen wasa wuƙa na tankaɗe da ƙyalle, na kwaɓa garin da baƙin mai, na shafe gilashin. Sai in kifa kulas a kai, in tura, in jawo. In na gaji in wanke fuskarsa, in shafa shunin wanki, in sake gogawa sau ɗaya: inda shuni ya goge nan ne tudu, inda ya rage nan ne kwari.

Kwana huɗu ina haka, kullum gefe ɗaya ke cinyewa. Gyara nake nufi, ɓarna nake ƙarawa, kuma na san in ƙarfen ya ƙara sirancewa ba mai cetonsa. Uwargidana tana zaune nesa kaɗan tana tsinkar zogale, ashe idonta na kaina.

"Alhaji, niƙa kake yi ko sassaƙa?"

"Ke, wannan ba aikin madafa ba ne."

"Na sani. Amma dutsen niƙan da na gada wurin innata har yau bai yi rami a gefe ɗaya ba. Hannunka na dama ya fi ƙarfi, shi kake dannawa. Mu in mun yi guga ashirin sai mu juya ɗan dutsen, kai ya koma gindi."

Na jira sai da ta shiga ɗora tukunya, sa'an nan na juya kulas ɗin. Ta cikin danga na ji ta ce, "Ashirin fa, ba talatin ba." Kashegari ba ta nemi izini ba, ta ɗaure zane ta zauna daura da ni, ta kama ɗaya gefen. Ina turawa tana maidowa, ita ke ƙirga, ita ke cewa a juya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo, wasu na dariya a hannun riga. Na bar su, dariya ba ta tayar da inji. Ran na uku da muke yi tare shuni ya goge bai ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan.

Juwan, wato shimfiɗar da ke shiga tsakanin kulas da jikin injin, ina da guda a ƙasan akwati, naɗe cikin takarda tun shekarun da kaya ke da araha. Na ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, ma'aunina damtsena. Na fitar da iska daga hanyar gazuwal, man da injin ke sha, har ya fito ba kumfa.

Ranar da suka sa, da hantsi, mai sayen ƙarfe ya iso da tulunan gas a amalanken jaki, ɗana na biye da shi kai a sunkuye. Na hau da kumburarriyar ƙafata, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Injin ya yi tari ya yi shiru. Na sake, ya tofar da farin hayaƙi. A na uku ya kama, har tattabarun gidan suka tashi. Na sauko na buɗe bakin tankin ruwa na zuba ido, domin in kulas bai zauna ba a nan kumfa ke tona asiri. Ruwa na kewayawa lafiya lau.

Mutumin ya ce, "Baba Alhaji, tsoho ne fa. Ko yau ya tashi, gobe sai ya kwanta."

Na ce, "Goben ba a hannunka take ba. Janye jakinka, baya zan yi."

Na sa aka buɗe wa uwargida ƙofar gaba, ta hau, na kai mu gonar aya muka yi lodin buhunan da suka kwana biyu suna jira. Har yau kamiyon yana aiki. Ba na wuce Agiye da shi, yana shan mai fiye da da, kuma in ya hau tudu sai an yi masa haƙuri. Ƴaƴana sun daina kawo zancen sayarwa a gabana. Abin da suke faɗa a bayana ban sani ba, ban kuwa tambaya ba.